Yini guda a gandun rake na Whitney: hanyar zuwa da abin da za a tarar

A gaɓar kogin Misisipi, tsakanin Niyu Olins da Baton Ruj a jihar Luwiziyana ta Amurka, akwai tsofaffin gidajen masu gandun rake da aka mayar gidajen tarihi. Duk masaukin da mutum ya sauka a Niyu Olins zai tarar da takardun tallarsu jibge, kowacce da hoton farin bene da manyan itatuwa, har ya ɗauka duk abu guda ne. Nan ruɗanina ya faro, domin kowane gida da irin labarin da yake bayarwa. Oak Alley, wanda hotonsa ya fi yawo, an gina shi ne tsakanin 1837 da 1839, kuma abin da ke jan jama'a gare shi layin itatuwa 28 ne da suka yi rumfa tun daga bakin hanya har ƙofar gida. Laura na 1805 ne, ya fi ba da ƙarfi ga tarihin iyalin da suka mallake shi da mutanen da suka bautar, ana kuma yin bayani da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi daɗi. Whitney shi ne wanda aka tsara kacokan a kan bayin da suka yi aikin raken, gidan maigida kuwa aka bar shi a matsayin ɗaya daga cikin gine-gine. Shi na zaɓa, kuma shi kaɗai na yi a ranar.

Maganar mota ita ta fi cin lokaci. Wurin yana ƙauyen Wallace, kimanin kilomita 75 daga tsakiyar birni, tafiyar awa guda, kuma babu bas ɗin gwamnati ko jirgin ƙasa da ke kaiwa can. Da farko na yi niyyar kiran mota ta waya, sai ma'aikacin masauki ya ja kunnena: zuwa ba wuya, dawowa ce matsala, domin direbobi ba sa zama a ƙauyen, mutum na iya shafe awa yana danna waya ba wanda ya karɓa. Hanya ta biyu motocin 'yan yawon buɗe ido ne da ke ɗaukar mutane a ƙofar masauki. Kuɗinsu ya haɗa da na shiga, jimilla kusan ninki uku na tikiti, amma su ke yanke lokacin tashi, ko ka gama ko ba ka gama ba. Na ɗauki hayar mota. A wurin haya an nemi fasfo da lasin tuƙi da katin banki na bashi mai ɗauke da sunan direba. Wanda lasinsa na gida ne gara ya haɗa da na ƙasa da ƙasa tun kafin ya taso, wanda bai kai shekara 25 ba kuma ya sa ran ƙarin kuɗi. Sun riƙe wani kaso a katin a matsayin jingina, bai dawo ba sai bayan kwanaki da mayar da motar.

Tikiti na saya ta intanet da daddare, aka turo mini lamba a waya, ita kaɗai aka duba a ƙofa. Iri biyu ne. Akwai na zagayawa da kanka kana sauraron bayani ta na'ura ko ta manhajar waya, dala 25 ga babba a lokacin da na je, akwai kuma na bin jagora, wanda ya ɗara shi da 'yan daloli kuma yake da ƙayyadadden lokaci da adadin mutane. Na ɗauki na jagora. Ranar Talata a rufe suke, kuma suna daina shigar da mutane da misalin ƙarfe uku na rana duk da cewa ba a rufe ƙofa sai bayan nan. Wanda ya tsaya cin abincin rana a birni kafin ya kama hanya zai isa a ƙurarren lokaci.

Na tashi ƙarfe takwas da rabi na safe a watan Nuwamba, na bi babbar hanya mai lamba 10 zuwa yamma, na sauka a mafita ta 194 wajen Gramercy, na haye doguwar gadar da ta ƙetare kogin, na faɗa hanya mai lamba 18, wadda ake kira hanyar kogi. Kada a sa ran ganin ruwa daga mota, domin doguwar jingar ƙasa da aka yi don tare ambaliya ta rufe shi. Abin da ido ke gani rake ne iya hangen mutum, sai hayaƙin matatun mai da masana'antun sinadarai da suka maye gurbin gandaye da yawa. Shi kansa filin Whitney wani kamfanin sinadarai ya taɓa saye don gina masana'anta, jama'a suka ƙi, daga baya lauya John Cummings ya saye shi a 1999, ya kashe sama da dala miliyan 8, aka buɗe shi a Disamban 2014. Nuwamba tsakiyar kakar rake ce, manyan motoci ɗauke da rake suna fitowa daga gonaki suna zubar da taɓo a kwalta, sai a rage gudu.

A ɗakin karɓar baƙi, bayan an duba lambar tikiti, an rataya wa kowa kati a wuya. Kowane kati da sunan wani mutum da aka haifa cikin bauta, da 'yan kalmomi daga bakinsa. An ciro su ne daga hirarrakin da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffi a shekarun 1930, mutanen da suke yara lokacin da bauta ta ƙare a 1865. Shi ya sa labarin yara ya mamaye gidan tarihin. Na isa da sauran minti ashirin, na cinye su a allunan bayani na cikin ɗakin, kuma ban yi asara ba, domin nan ne aka shimfiɗa asalin wurin: Ambroise Heidel, ɗan cirani daga Jamus, ya kafa gandun a 1752 yana noman baba don yin shuni, wajen 1800 iyalinsa, da sunansu ya koma Haydel, suka juya zuwa rake, sunan Whitney bai zo ba sai bayan 1867, da Bradish Johnson ya saye ya raɗa masa sunan jikansa. A shiga banɗaki a nan, a cika gorar ruwa, a ɗauki lema daga waɗanda suke ba da aro. Kusan duk zagayen a waje ake yi a kan tsakuwa da ciyawa.

Jagorar tamu ta fara da cocin Antioch. Ba a nan aka gina shi ba. 'Yantattun bayi ne suka gina shi a Paulina, ƙetaren kogi, 'yan shekaru bayan an 'yanta su, daga baya aka ɗauko shi. A ciki akwai mutum-mutumin yara da Woodrow Nash ya ƙera, girmansu kamar na yaran gaske, wasu a tsaye tsakanin bencina, wasu a zaune, cikin tsummoki, ƙafa ba takalmi, idanu a kwarmi. Wani ɗan yaro yana tsaye daf da ƙofa, hannu a aljihu, kansa bai wuce ƙuguna ba. Hayaniyar da muka shigo da ita nan ta mutu.

Daga nan sai bangon sunaye na farko, na baƙin dutse, mai ɗauke da mutum sama da 350 da aka bautar a wannan gandu kaɗai. An samo sunayen daga takardun gado da na ciniki, inda ake jera mutum da shekarunsa da sana'arsa da ƙabilarsa da farashinsa tare da shanu da garma. Gaba kaɗan akwai jerin bangaye masu sunaye 107,000 na faɗin Luwiziyana, daga rumbun bayanan da masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tattara. A nan Bahaushe zai so ya daɗe. Marubutan Faransawa da Sifaniyawa, waɗanda ƙasashensu suka mulki Luwiziyana a da, sun saba rubuta ƙabilar bawa, kuma cikin ƙabilun da suka fi fitowa a rumbun akwai Kwango da Mandinka da Wolof da Bambara da Ibo da Yarabawa da Fulani, akwai kuma Hausawa sama da ɗari, kusan dukansu maza. Irin waɗannan an kama su ne a yaƙe-yaƙe da hare-hare, aka gangara da su kudu, aka loda su a tashoshin gaɓar Benin irin su Wida da Legas. Ban iya kallon bangon a matsayin laifin wasu kaɗai ba, domin kalmomin rinji da bacucane da murgu suna nan cikin harshenmu, kuma wani ne ya kama mutumin kafin wani ya saye shi. Daraktan binciken gidan tarihin ma ɗan Afirka ta Yamma ne, Dokta Ibrahima Seck na Senegal. Minti goma jagora ta ba mu a nan. Ba su isa komai ba, sai na ƙudura zan dawo bayan an gama. Fili na uku na yara ne, 2,200 da suka mutu cikin bauta a wannan gunduma ta St. John the Baptist tsakanin 1823 da 1863, an ciro sunayensu daga littattafan coci. A tsakiya akwai mala'ika baƙar fata ta tagulla rungume da jariri. Wata mata a cikinmu ta zauna a dakali ba ta iya ci gaba ba sai da muka yi nisa.

Kaskon dafa ruwan rake na fara gani kafin ɗakunan bayi. Manyan kasake ne na baƙin ƙarfe a zube kan ciyawa, babban cikinsu ya fi tsawon mutum faɗi, ruwan sama ya taru a gindinsa. Masana'antar ita kanta ba ta nan yanzu, don haka da yawa sukan ɗauki hoto su wuce. Kuskure ne, domin wanda bai fahimci kaskon nan ba bai fahimci gidan ba. Duk wanda ya taɓa ganin ana yin mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, doki na zagaya injin matsa, ruwan rake na tafasa a kan wuta, ya riga ya san rabin aikin. Bambancin yawa ne da gaggawa. A tsibiran Karibiyan rake yakan yi sama da shekara a gona. A Luwiziyana wata tara zuwa goma kawai yake samu, saboda sanyin hunturu yana daskarar da shi, idan kuma ya daskare ya narke sai ruwan ya yi tsami ya ƙi zama sukari. Wanda aka sare ma ba ya jure kwana biyu. Saboda haka maigida yakan jinkirta sara don zaƙi ya ƙaru, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba a afka wa gona gaba ɗaya, injin yana juyawa dare da rana, mutane suna aikin awa 18. Masu adda suna gaba, kowane kara sara uku: a zage ganye, a fille kai, a datse gindi. Amalanke na kwashewa, mata da yara na tura kara bakin injin, kuma a nan ne gyangyaɗi ke cinye hannu.

Ruwan da aka matse yana bi ta kasake huɗu da aka jera kan murhu guda, kowanne da sunansa na Faransanci. Na farko grande, shi ne babba kuma mafi nisa da wuta. A cikinsa ake zuba farar ƙasa ƙonanna don datti ya taso a kwashe kumfa. Idan ta yi kaɗan sukari ba zai yi tsaba ba, idan ta yi yawa ya yi duhu. Da dogayen ludaya ake kamfatar ruwan zuwa flambeau, daga nan zuwa sirop, yana ƙara kauri, har ya kai batterie, ƙaramin da ke bisa tsakiyar wuta. Gwanin dafuwa, wanda sau da yawa bawa ne, shi ke gane lokacin saukewa, da ido da kuma jan ɗigo tsakanin yatsu biyu ya ga zaren da ya yi. A yi gaggawa a sami maɗi kawai, a yi jinkiri ya ƙone. Sai a juye a kwamin katako ya huce, a ɗura a ganga mai cin kusan kilo 450, mai huji a gindi, maɗi ya yi makonni yana tsiyaya. Wannan tsiyayar ce ta raba shi da mazarƙwaila, wadda ake barinta da maɗinta. Itacen murhu kuwa bayi ne ke shiga fadama da ruwa har ƙugu su saro, kafin a koyi ƙona tuƙar raken. Étienne de Boré ake yabawa da fara samun sukari mai tsaba a Luwiziyana a 1795, amma gwanin da ya yi masa aikin Antoine Morin ne, baƙar fata ɗan 'yanci daga Saint-Domingue, Haiti ta yau. Wanda ya ƙirƙiro tukunyar tururi da ta kawar da ludaya, Norbert Rillieux, shi ma ɗan 'yantacciyar baƙar mace ne daga Niyu Olins, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1843 da 1846. A gundumomin rake mace-macen bayi ya fi haihuwa yawa, shi ya sa bayan an hana shigo da bayi daga waje a 1808 aka ci gaba da sayo su daga Bajiniya da Merilan, Niyu Olins ta zama babbar kasuwar bayi ta Amurka.

Ɗakunan bayi na katako ne, a ɗage kan tubali, kowanne an raba shi biyu da murhu a tsakiya, iyali guda a kowane ɓangare. Na shiga ɗaya: gado, da katifar da aka cusa wa gansakuka, da hasken rana yana shigowa ta tsakanin alluna. A da 22 ne. Biyu kacal cikin na yanzu ne na asalin wurin, sauran an ɗauko su daga wani gandu. Abin da ya fi girgiza ni shi ne jin cewa ma'aikatan rake sun ci gaba da kwana a irin ɗakunan nan har 1975, da yawansu ɗaure da bashin kantin gandu. Kurkukun ƙarfen da ke gaba ma ba na wurin ba ne, an ƙera shi a 1868, bayan bauta, an kawo shi ne don a nuna irin kejin da ake tsare mutane. Na so a ce an faɗi wannan da babbar murya tun farko, domin na ji baƙi suna cewa bayin gidan aka kulle a ciki. Wanda yake son ya rarrabe na asali da na aro ya tambayi jagora a bakin kowane gini, ba sa ɓoyewa.

Madafa tana ware da gida saboda gobara da zafi, kuma tana cikin mafi tsufa a jihar. Ta bayanta muka shiga babban gida, ta ƙofar da masu hidima ke bi. An gina shi wajen 1790, aka faɗaɗa shi a farkon ƙarni na 19: ƙasa tubali saboda ambaliya, sama katako, da doguwar baranda mai fuskantar kogi don iska. Kaya kaɗan ne a ciki, kuma ba mu yi minti goma sha biyar ba. Wanda ya zo don ganin gadajen alfarma da fitilun ƙarau, Oak Alley ya kamata ya nufa. A nan aka ba mu labarin Anna, baiwar da wani namiji na iyalin Haydel ya yi wa ciki, ta haifi Victor. Daga zuriyarsa aka sami Sybil Haydel Morial, matar baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Niyu Olins, kuma mahaifiyar wani magajin garin, Marc Morial. Daga baranda ake gane tsarin filin: kowane gandu siriri ne a bakin kogi, inda jirgi ke lodi, sannan ya miƙe baya sama da kilomita biyu har fadama.

Bayan awa ɗaya da rabi jagora ta sallame mu, tikiti kuma ya ba da damar ci gaba da zagayawa. Na nufi wurin tunawa da tawayen 1811, wanda aka keɓe a gefe da gargaɗi a bakinsa. Daren 8 ga Janairu, bayi ƙarƙashin Charles Deslondes suka tashi daga gandun Manuel Andry a ƙetaren kogi suka nufi Niyu Olins, ɗaruruwa suka bi su. Cikin jagororin akwai Kook da Quamana, sunayen da mutumin Gana zai ji Kwaku da Kwamina a cikinsu. Cikin kwana biyu aka murƙushe su, aka yi shari'ar wasu a gidan gandun Destrehan, aka kashe kusan mutum ɗari, aka soke kawuna a sanduna a kan jingar kogi. Abin da aka kafa a wurin kawuna ne na yumɓu sama da sittin a kan sandunan ƙarfe. Mai tafe da ƙananan yara ya fara leƙawa shi kaɗai kafin ya yanke shawara. Daga nan na koma bangon sunaye na yi kusan awa ina bin layi da yatsa.

Da zan sake shiryawa, awa uku zan ware wa wurin, ban da awa biyu na hanya. Masu haɗa gidaje uku a yini guda suna fita da hotuna, labaran kuma sun cakuɗe musu. Idan dole sai biyu, a fara da Whitney da safe, a ƙarasa Laura ko Oak Alley da rana, duka ba su wuce tafiyar minti ashirin ba a kan hanya mai lamba 18. Jagora ya fi ga mai tambaya, na'ura ta fi ga mai son tsayawa inda ransa ya tsaya. Mai amfani da manhaja ya sauke ta tun a masauki ya zo da abin sa wa a kunne. Daga Yuni zuwa Satumba zafi da gumi da sauro suna da tsanani, lokacin guguwa ne kuma, wadda ta 2021 ta yi wa gine-ginen wurin ɓarna sosai. Oktoba zuwa Disamba ya fi, ga sanyi-sanyi ga rake a tsaye. Ba a biki ko ɗaurin aure a Whitney, kuma hoton dariya a ƙofar ɗakin bayi ba ya yi wa kowa daɗin gani.

Babu gidan abinci a ciki, sai ɗan abin taɓawa a kanti, gara a taho da guzuri. Musulmi ya lura da abincin yankin: miyar gumbo da shinkafar jambalaya kusan kullum da tsiran alade da ake kira andouille a ciki, ko da an ce na kaza ne ko na jatan lande, sai an tambaya ƙarara. Abin shan na'ana'a da ake miƙa wa baƙi a wasu gidajen, mint julep, da barasa ake haɗa shi. Ban ga ɗakin salla ba. Na yi alwala a banɗakin ɗakin baƙi, na shimfiɗa darduma a ciyawar gefen wurin ajiye motoci na yi azahar, ba wanda ya ce mini uffan. Katin wuyan ba a karɓa a ƙofa, da shi ake tafiya gida.